Tsayuwar da Ba a Cika Koyarwa Ba: Jagora kan Asalinsu da Amfaninsu a Kareti da Wasan Takobin Japan

Duk wanda ya shiga ajin kareti na salon Shotokan, ko a Tokyo ne ko a Kano, tsayuwa uku zai fara cin karo da su. Akwai zenkutsu-dachi, wadda ake tura ƙafa ɗaya gaba a jibga mata nauyi. Akwai kokutsu-dachi, wadda nauyin ke komawa ƙafar baya. Sai kiba-dachi, tsayuwar mahayin doki, mai sa cinya rawa. A kan waɗannan ukun ɗalibi zai daɗe yana zufa, har ranar da aka kai shi wata kata ta manya, wato jerin motsi tsararre da ake haddacewa a yi shi kaɗai, malami ya ce masa harɗe ƙafa a nan, ɗaga ƙafa ɗaya a can. Sai ya yi yadda aka ce, ya wuce, bai san dalili ba.

Wannan yana damuna, domin babu ko ɗaya daga cikin tsayuwar nan da aka ƙirƙira don ado. Kowace ɗaya amsa ce ga wata matsala da wani mutum ya taɓa fuskanta: abokin gaba ya matso har kuna jin numfashin juna, ko an kawo maka shara a ƙafa, ko kwalkwalin da ke kanka ya hana ka ɗaga takobi. In ka koyi tsayuwa tare da matsalar da ta haife ta, jikinka zai riƙe ta, kuma zai san lokacin fito da ita. Abin da wannan jagora ta sa gaba ke nan.

Yadda aka yi wasu suka shahara, wasu suka koma gefe

A tsibirin Okinawa kareti ya tashi, lokacin tsibirin yana masarautar Ryukyu, kafin Japan ta mai da shi lardinta a 1879. Mutanen Ryukyu 'yan kasuwar teku ne, jiragensu na zirga-zirga zuwa lardin Fujian na kudancin ƙasar Sin, kuma daga can dabarun faɗa da yawa suka shigo. Faɗan da aka sani a garuruwan Shuri, Naha da Tomari na kusa da kusa ne, akwai kamawa, akwai ja, akwai kayarwa. Don haka tsayuwarsu gajeru ne, mutum yana tsaye kusan yadda yake tafiya.

A 1922 Gichin Funakoshi, malami ɗan Okinawa da salon Shotokan ya samo asali daga gare shi, ya nuna kareti a Tokyo, ya kuma zauna can yana koyarwa. Wanda ya duba hotunansa na waɗannan shekarun zai ga dattijo ne mai tsayuwa a sama, ba ya nutsewa ƙasa. Ɗalibansa na jami'o'i, farawa da Keio a 1924, matasa ne masu jini a jika, da yawansu sun saba da nisan da ake bari tsakanin mutum biyu a wasan takobi. Ɗansa Yoshitaka, wanda tarin fuka ya yi ajalinsa a 1945, shi ne ya fi kowa tura salon zuwa dogayen tsayuwa masu zurfi, waɗanda suka dace da kai hari daga nesa da kuma gina ƙafa. Da ƙungiyar kareti ta Japan, JKA, ta kafu a 1949 ta fara aika malamai ƙasashen duniya, wannan fasalin ne ya bazu. Tsofaffin tsayuwar ba su ɓace ba, sun dai maƙale a cikin kata, kuma a salo irin su Goju-ryu, Uechi-ryu, Shito-ryu da Shorin-ryu har yau su ne abincin yau da kullum.

Kafin ka fara

Cire takalmi, ka sami daɓe mai laushi wanda ba ya santsi. Siminti mai kaushi zai goge maka tafin ƙafa a lokacin juyi, tabarma kuma za ta zame. Ja layi biyu da alli, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, su gitta juna, domin ido ya fi ji gaskiya wajen auna inda ƙafa take. Ka ɗumama jiki na minti 10, musamman idon sawu da ƙugu.

Ƙa'ida ɗaya ce ta ratsa duk abin da zai biyo baya: gwiwa ta fuskanci inda yatsun ƙafa suka fuskanta. Gwiwa gaɓa ce mai lanƙwasa gaba da baya, ba ta son murɗiya. Duk juyin da tsayuwa ke buƙata daga ƙugu zai fito. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda ya saba da murɗe gwiwa a watannin farko zai sha wahalar gyarawa daga baya.

Sanchin-dachi, tsayuwar kusa da kusa

Da a ce ɗaya tak za a zaɓa, wannan zan ce a koya. Asalinta daga Fujian ne. Kanryo Higaonna na garin Naha ya je birnin Fuzhou ya yi karatu ya dawo da katar Sanchin, ɗalibinsa Chojun Miyagi kuma ya mai da ita ginshiƙin Goju-ryu. Shi ma Kanbun Uechi ya tafi Fuzhou a 1897, ya shafe shekaru 13 a ƙasar Sin, ya dawo da tasa Sanchin ɗin wadda ake yi da buɗaɗɗen hannu, alhali 'yan Goju da dunƙulallen hannu suke yi. Hanya biyu, tushe ɗaya.

Ga yadda ake kafa ta. Tsaya ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗunka, yatsu na kallon gaba. Tura ƙafar dama gaba kaɗan, har dunduniyarta ta zo kan layi ɗaya da yatsun ƙafar hagu. Layin allin da ka ja a kwance a nan zai yi maka amfani: yatsun baya su taɓa shi, dunduniyar gaba ma ta taɓa shi. Yanzu juya ƙafar gaba ciki, kamar digiri 30, ta hanyar tura dunduniya waje. Ƙafar baya ta ci gaba da kallon gaba. Lanƙwasa gwiwoyi kaɗan, iya yadda in ka dubi ƙasa za su fara rufe maka yatsu. Nauyi rabi da rabi.

Abin da ya rage ido ba ya ganinsa sosai, kuma shi ne ainihin tsayuwar. Buɗe yatsun ƙafa ka dafe ƙasa da su. Matse ɗuwawu, ka ɗan turo ƙashin ƙugu gaba da sama, yadda ramin da ke gadon bayanka zai ragu. Sauke kafaɗu, ja haɓa ciki kaɗan. Za ka ji cinyoyi sun ɗaure daga ciki, gaban jiki ya rufu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ji an ce a matse ciki, sai ya karyar da gwiwoyinsa su nufi juna. A'a. Matsin a cinya da mara yake, gwiwa tana nan bisa ƙafarta.

Tafiya a cikinta ma da tsari. Fara miƙar da ƙafar gaba ta kalli gaba, sannan ƙafar baya ta taso tana shafar ƙasa, ta lanƙwaso ciki ta kusa da ɗayar, ta sake fita waje ta sauka a gaba. Kai kada ya yi sama da ƙasa. Wannan lanƙwasar tana rufe tsakanin cinyoyi a lokacin da kake matsawa, kuma ita ce ke ba ƙafarka hanyar shiga bayan ƙafar abokin gaba don ka taɗe shi.

A Okinawa ana gwada wannan tsayuwa da abin da suke kira shime. Ɗalibi zai tuɓe riga ya shiga kata, malami yana zagaya shi. Ya sauke tafukan hannu biyu a kan kafaɗunsa ya ji ko sun tashi, ya danna mara, ya bugi gefen cinya, ya durƙusa ya taɓa dunduniya ya ji ko ta kama ƙasa, wani lokaci ya ɗago ƙafa ta tsakanin cinyoyin daga baya ya ga ko akwai ƙofa. Kai ba ka buƙatar duka. Ka sa abokin atisaye ya ɗora tafin hannu a ƙirjinka ya tura a hankali, yana ƙara ƙarfi. In kafaɗunka suka fara komawa baya, ƙugu bai ɗauru ba. In ka ji turin ya bi jikinka ya sauka a dunduniyar baya, ka kama hanya. Daga nan ya gwada ta baya, ya gwada ta gefe.

Numfashi: shaƙa ta hanci har mara ta cika, fitar ta baki a hankali. Kada ka riƙe numfashi kana yunƙuri, domin hakan na ɗaga jini nan take. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya yi tsayuwar da numfashinsa na kullum, ya bar matsi mai tsanani sai likita ya yarje masa.

Ƙanwar sanchin-dachi ita ce hangetsu-dachi, tsayuwar rabin wata. Funakoshi ya sauya wa tsohuwar katar Seisan suna zuwa Hangetsu saboda wannan lanƙwasar da ƙafa ke yi. Ka kafa Sanchin, ka ƙara tsawo har ya kusa na zenkutsu-dachi, ka bar matsin ciki yadda yake. Ƙarin tsawon yana ƙara wa gwiwar gaba nauyi, don haka kada ka juya ƙafar ciki da yawa.

Neko-ashi-dachi, tsayuwar kyanwa

Anko Itosu, wanda ya shigar da kareti makarantun Okinawa a farkon shekarun 1900, shi ya tsara katocin Pinan guda biyar, waɗanda Shotokan ke kira Heian. In ka kalli ɗan Shito-ryu yana yin su, wurare da yawa da kai ka saba yin kokutsu-dachi, shi tsayuwar kyanwa yake yi. Ɗan Shotokan kuwa sai ya kai katoci irin su Hangetsu da Unsu kafin ya haɗu da ita.

Haɗa dunduniyoyi, juya ƙafar dama waje kamar digiri 45. Mai da kusan duk nauyinka kanta, kashi 90 cikin 100, ka lanƙwasa gwiwar ka zauna a kan ƙugu. Tura ƙafar hagu gaba kamar tsawon tafin ƙafa ɗaya, ka ɗaga dunduniyarta, tushen yatsu kaɗai ke taɓa ƙasa. Gwiwar gaba ta ɗan karkata ta rufe gaba. Baya a miƙe, kada ka duƙa, kada kuma ka jingina baya.

Gwajinta mai sauƙi ne. Ɗaga ƙafar gaba daga ƙasa. In sai da kanka ya motsa ko kafaɗa ta karkata kafin ƙafar ta tashi, akwai sauran nauyi a kanta.

Amfaninta uku nake gani a fili. Ƙafar gaba a sake take, shuri na fita daga gare ta ba tare da sanarwa ba. Wanda ya kawo maka shara a wannan ƙafar ya share iska, tunda ba ita ke ɗauke da kai ba. Na uku shi ne wanda aka fi mantawa: faɗawa cikin tsayuwar kanta ja ne. Ka kama hannun abokin atisaye ko rigarsa, ka zame baya cikin tsayuwar kyanwa lokaci guda, nauyin jikinka gaba ɗaya zai fizgo shi gaba, fuskarsa ta nufo gwiwarka. Amma ba wurin zama ba ce. Mai ƙarfi in ya afko maka kai tsaye kana cikinta, zai tafi da kai. Shiga, yi aikinka, fita, kuma ya fi kyau ka shige ta a karkace, ka kauce daga layin harin.

Fudo-dachi, tsayuwar da ba ta gusawa

Wannan ta zamanin Yoshitaka Funakoshi ce, kuma ita ce ƙashin bayan katar Sochin, shi ya sa wasu ke ce mata sochin-dachi. A kula, 'yan Kyokushin, wani salon kareti, suna amfani da sunan fudo-dachi ga wata tsayuwa daban, ta shiri, wadda ake yi a miƙe. Sunaye na sauyawa daga makaranta zuwa makaranta, don haka ka tambayi malaminka wadda yake nufi.

Hanya mafi sauƙi ta samunta ita ce daga zenkutsu-dachi. Kafa ta yadda ka saba, sannan lanƙwasa gwiwar baya wadda da take miƙe, ka bar ƙugu ya sauka tsakiya. Ƙafafun biyu su karkata gefe guda, gwiwoyi biyu suna turawa waje, kowace bisa yatsunta. Nauyi kusan rabi da rabi, ko ya ɗan fi a gaba.

Me aka samu? A zenkutsu-dachi ƙafar baya ta riga ta miƙe, ta gama bayar da abin da take da shi. A nan kuwa tana lanƙwashe, da sauran turi a cikinta. Ka tare naushi a fudo-dachi, ka miƙar da ƙafar baya da ƙarfi, ƙugu ya juya, naushinka na ramuwa ya fita ba tare da ka ɗaga ƙafa ko ɗaya ba. Yi wannan sau 10 kowane gefe, a hankali da farko, kana lura da yadda ƙarfin ke tasowa daga dunduniyar baya. Tana cin cinya sosai, kada ka yi mamaki in washegari hawa mataki ya yi maka wuya.

Kosa-dachi da tsuru-ashi-dachi: biyun da aka fi yi wa mummunar fahimta

Mai kallo daga waje in ya ga ɗan kareti ya harɗe ƙafa, ko ya tsaya da ƙafa ɗaya, sai ya ce wane ne zai yi faɗa a haka. Gaskiyarsa, babu. Waɗannan biyun hoton tsakiyar motsi ne, kata ce ta tsayar da su don ɗalibi ya gani.

Tsayuwar harɗe, kosa-dachi, tana cikin katocin Heian Yondan, Heian Godan, da motsin farko na Bassai Dai. Taka da ƙafar dama gaba, tafinta duka a ƙasa, gwiwa a lanƙwashe, nauyi a kanta. Jawo ƙafar hagu ta shige bayan ta dama, ta tsaya a kan tushen yatsu, gwiwar hagu ta manne da bayan ƙafar dama. Wannan mannewar ce ke hana ka tangaɗi. Yanzu gwada abu ɗaya: daga nan, juya jikinka ta hagu a kan tushen yatsu. Za ka ga ƙafafun sun warware da kansu, ka fuskanci baya. Wannan juyin shi ne abin da ɗan judo ke yi in zai shiga ƙarƙashin mutum ya ɗora shi a ƙugu. A Bassai Dai kuma aikinta birki ne: ka jefa duk jikinka gaba cikin abokin gaba, ƙafar baya ta biyo ta tokare don kada ka kife. Ka maimaita shiga da warwarewa har su zama motsi guda.

Tsayuwar gauraka, tsuru-ashi-dachi, tana cikin katar Gankaku, wadda a Okinawa ake kira Chinto. Tsaya a ƙafar dama, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kada ka ƙulle ta. Ɗaga ƙafar hagu ka saƙala bayan tafinta a bayan gwiwar dama. Kafa ido a wuri ɗaya a bango. Fara da daƙiƙa 10, ka kai 30 a hankali, in ta zauna ka gwada da ido a rufe kusa da bango. A wajen aiki, ɗaga ƙafar kauce wa shara ne ko shurin ƙwauri, kuma ƙafar da ta tashi ta riga ta ɗana, shi ya sa a Gankaku abin da ke biyo baya shurin gefe ne tare da bugun bayan hannu. Ka sa aboki ya riƙa kawo sanda a hankali ta ƙasa wajen idon sawunka, kai kuma ka ɗaga, ka yi shuri, ka sauka. In aka bar batun faɗa ma, atisayen tsayuwa da ƙafa ɗaya yana ƙarfafa idon sawu, kuma yana da amfani ga manya da ƙafa ta fara yi musu rauni.

Shiko-dachi ba sai na daɗe a kanta ba. Kiba-dachi ce da aka juya yatsu waje digiri 45, sunanta daga atisayen buga ƙafa na 'yan kokawar sumo. Buɗewar yatsun na barin ƙugu ya sauka ƙasa sosai, don haka ita ake shiga in za a kayar da mutum ta kan cinya ko a bi shi ƙasa da naushi. Katar Seiyunchin ta Goju-ryu cike take da ita. Wanda kiba-dachi ke sa wa ciwon gwiwa sau da yawa yakan sami sauƙi a wannan.

Ɓangaren takobi: hasso, waki da tonbo

A wasan takobi ana ce wa tsayuwa kamae, domin ta haɗa ƙafa da inda makami yake. Kendo, wasan takobin Japan na zamani, na da guda biyar: chudan, jodan, gedan, hasso da waki. Amma je ka kalli gasa, kusan kowa a chudan yake, takobi a tsakiya yana nuna maƙogwaro, sai ɗaiɗaiku masu ɗaga shi sama a jodan. Hasso da waki sun rage ne a cikin katar kendo da ƙungiyar Dai Nippon Butoku Kai ta tsara a 1912, mai kashi 10, bakwai da dogon takobi uku da gajere. A kashi na huɗu ne suke fuskantar juna, ɗaya a hasso ɗaya a waki.

Dalilin ɓacewarsu yana cikin tarihi. A zamanin yaƙe-yaƙen cikin gida na ƙarni na 15 da na 16, mayaƙi yana cikin sulke da kwalkwali mai faɗin baki da ado a goshi. Yakan buɗe ƙafa ya sauke ƙugu don ya ɗauki nauyin kayan, ya kuma ɓoye wuraren da sulke bai rufe ba: hammata, wuya, cikin cinya, cikin wuyan hannu. Bayan faɗuwar fadar Osaka a 1615 ƙasar ta zauna lafiya ƙarƙashin gidan Tokugawa, aka koma faɗa cikin tufafin gida, tsayuwa ta miƙe. A 1876 kuma gwamnati ta hana yawo da takobi.

Nemi sanda mai tsawon kamar mita ɗaya, ka sa alama a gefe ɗaya a matsayin kaifi. Hannun dama a gaba, na hagu a ƙarshen mariƙi. Ka tabbata babu kowa kusa, babu fanka a sama.

Don hasso, fara a chudan da ƙafar dama gaba. Taka da ƙafar hagu gaba, kana ɗaga sanda, ka sauke ta a gefen kafaɗar dama. Inda hannun dama ya ƙare, wato wurin da ƙarfen kare hannu yake a takobi, ya zo daidai bakinka, da tazarar dunƙulen hannu ɗaya. Hannun hagu a tsakiyar ƙirji, tsinin ya karkata baya kamar digiri 45, kaifi na kallon abokin gaba. Kada gwiwoyin hannu su buɗe, kada kuma su matse. Mai kwalkwali ba zai iya kai takobi bisa tsakar kansa cikin sauƙi ba, a nan kuwa takobin na sama a shirye. Ga shi ba ta gajiyar da hannu kamar jodan, kuma a cikin ɗaki mai gajeren rufi ko cikin cunkoso tana aiki. Saran da ke fita daga gare ta na karkace ne, daga wuya zuwa haƙarƙarin ɗaya gefen. Taka da ƙafar dama ka sauke shi, ka tsayar da sandar da kanka, kada nauyinta ya ja ka.

Don waki, daga chudan ja ƙafar dama baya, jiki ya juya gefe, kafaɗar hagu na gaba. Bar sandar ta bi ta gefen dama ta koma baya, tsininta ya sauka ƙasa da gwiwa kaɗan, kaifi na kallon ƙasa ta dama. Tsaya gaban madubi ka duba. In ka yi daidai, ƙarshen mariƙi kaɗai za ka gani, jikinka ya ɓoye sauran. Duk hikimar ke nan. A da, takubba ba tsawonsu ɗaya ba, kuma wanda bai san tsawon makaminka ba bai san inda haɗari ya fara ba. Wanda ya saba kallon dambe zai gane wannan nan take: ɗan dambe ya ba da gefe, hannun garkuwa a gaba, hannun da aka naɗe yana can baya inda abokin karawa ba ya iya auna fitowarsa. A gasar kendo ta yau doka ta ƙayyade tsawon takobin gora, na manyan maza ba ya wuce santimita 120, kuma saran ƙasa zuwa sama ba ya kawo maki, don haka babu abin ɓoyewa. Waki tana barin kafaɗar hagu a buɗe da gangan, tayi ne ga abokin gaba ya shigo. Mai yin ta dole ya iya auna nisa, in ba haka ba tayin zai zama gaskiya.

Tonbo kuwa ta makarantar Jigen-ryu ce, wadda Togo Shigekata ya kafa a yankin Satsuma, Kagoshima ta yau, a ƙarshen ƙarni na 16. Ta yi kama da hasso amma ta fi ta tsawo: hannun dama ya tashi wajen kunne, takobi ya miƙe sama, gwiwar hannun hagu ta lafe a jiki ba ta motsi. Akidarsu ita ce saran farko ya gama magana. Atisayensu shi ne a kafa gungumen icce a ƙasa, mutum ya rugo ya riƙa saransa dama da hagu yana kurma ihu. In za ka gwada, rataya tsohuwar taya ka fara da sara mara ƙarfi, domin icce mai tauri yana mai da bugu cikin wuyan hannu da gwiwar hannu.

Yadda za ka jera su a mako

Kada ka kwashe su duka rana ɗaya. Minti 15 a ƙarshen atisayenka, sau uku a mako, ya isa. Wata na farko ka ba Sanchin da tsayuwar kyanwa, domin ɗaya na koya maka dasa nauyi, ɗayar na koya maka ɗauke shi. Kowace rana ka bi mataki uku: kafa tsayuwar a kan layin alli ka riƙe ta daƙiƙa 30 kowane gefe, sannan ka yi tafiya a cikinta taku 10 gaba da baya, sannan ka yi gwajin aboki. Mataki na ukun shi ne wanda masu atisaye su kaɗai ke tsallakewa, kuma shi ne ke nuna ko tsayuwar na aiki. A wata na biyu ka ƙara fudo-dachi da shiko-dachi, na uku ka shigo da harɗe da gauraka, kana haɗa su biyu-biyu: daga kyanwa ka faɗa fudo, daga harɗe ka warware zuwa shiko. Na takobi ka ware musu rana guda, sara 20 daga hasso, 20 daga waki, kana sauraron ƙarar sandar a iska, domin sara mai kyau ƙararsa a ƙarshe take fitowa, ba a farko ba.

Ka ɗauki kanka bidiyo da waya daga gaba da kuma gefe, ka dubi gwiwa da yatsu kafin komai. Zafin da ke cikin naman cinya na gajiya ne, zai wuce da hutun kwana ɗaya ko biyu. Wanda ke cikin gaɓar gwiwa, mai suka ko mai zuwa da kumburi, alama ce ta ka dakata, ka ɗaga tsayuwar sama, ka rage juyin ƙafa, in ya wuce mako bai lafa ba ka je asibiti a duba.